Daga Matankari zuwa Harobanda: Yadda Ɗalibai Ke Rainon Shugabanninsu

Ƙungiyar ɗalibai na fama da wata matsala da ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta ma'aikata ba ta san ta ba, wato mutanenta ba sa zama. Wanda ya shigo jami'a bana, bayan shekara uku ko huɗu zai karɓi takardarsa ya kama gabansa, kuma duk abin da ya sani na tafiyar da taro ko zama da hukuma zai tafi da shi, in dai bai damƙa wa wani ba. Shi ya sa duk ƙungiyar da ta yi tsawon rai a jami'o'in Nijar ta dogara ne ga raino: na gaba ya ja na baya a jiki, ya nuna masa aiki, har ranar da zai sakar masa kujera. Babu malamin da ke koyar da wannan a aji, babu jarrabawa, kuma sau da yawa shekara biyu kacal ke tsakanin mai koyarwa da mai koyo.

Ga ɗan ƙasar Arewa, a jihar Doso, rainon kan fara tun bai ga ƙofar jami'a ba. Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa da ke arewa da Dogondutsi a cikin Dallol Mawri, gari ne na manoman hatsi da wake, kuma yaran da suka yi nisa a boko daga can sukan fara jin sunan USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, tun suna sakandare. Wannan ƙungiya, wadda aka kafa a 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴancin kai, ta haɗa ƴan kwaleji da ƴan lise da ɗaliban jami'a na gida da na waje a inuwa ɗaya. Anan ta bambanta da NANS ta Najeriya, wadda ta manyan makarantu ce. Saboda haka ɗalibin da ya taɓa zama wakilin ajinsu a Dogondutsi ko Tibiri yakan isa jami'a ya riga ya san mene ne babban taro, ya kuma saba da a kira shi kamarad.

Da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, sai tafiya Yamai, kusan kilomita 270 daga Dogondutsi. Jami'ar Abdou Moumouni tana ƙetaren kogin Kwara, a ɓangaren Harobanda, inda Zabarmanci ya fi yawa a bakin mutanen unguwa. Ɗakunan kwanan jami'a sun daɗe da yi wa ɗalibai kaɗan, kuɗin tallafin karatu kuma yakan yi jinkiri. Wanda ke tarar baƙo a tasha galibi ɗan garinsu ne da ya riga shi zuwa. Ɗalibai suna da ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ko yanki ɗaya, wasu har da rumfunan da suka kafa a harabar jami'a, waɗanda suke kira ambasad. Nan baƙo ke aje jakarsa, a ba shi gefen tabarma, a raka shi wajen rajista, a nuna masa yadda ake haɗa takardun neman burs, wato tallafin karatu, a hukumar ANAB da inda ake sayen tikitin abinci. A ba shi tsofaffin takardun darasi da aka yi wa hoto, a kuma raɗa masa wane malami ne ba ya yafe latti.

Daga waje wannan hidima kamar zumunci ce kawai, amma a cikinta ake tankaɗe. Manyan ɗalibai, waɗanda ake kira duwayan, suna lura da wanda aka aika ya dawo da canji daidai, da wanda ke iya raba faɗa a layin abinci ba tare da ya ɗaga murya ba, da wanda in ya yi magana a fadar shayi ake yin shiru. Irin wannan ne ake fara ba wa ƙaramin aiki: tattara kuɗin ƙungiya, riƙe littafin sunaye, kai maras lafiya asibiti. In ya riƙe amana, sai a tura shi ya tsaya takarar wakilin aji, daga nan tsangaya, daga nan kwamitin zartarwa na UENUN, wato reshen USN na jami'ar Yamai, wasu ƙalilan kuma su kai ga kwamitin ƙoli na ƙasa.

Babbar makarantar ita ce taron gama-gari. A Yamai ana yin sa ne a dandalin da ɗalibai ke kira Place AB, sunan Amadou Boubacar, ɗalibin da ya rasa ransa a zamanin mulkin Seyni Kountché. Sabon shiga ba ya fara da riƙe makirufo. Da farko shi ke ɗaukar sunayen masu neman magana, ko ya rubuta abin da aka yanke. Yana tsaye a gefe yana ganin yadda sakatare ke barin masu zafin kai su fara amayar da abin da ke cikinsu, ya ajiye wani mai sanyin baki da jama'a ke ji da shi zuwa can ƙarshe, sa'annan ya kawo shawara lokacin da rana ta yi zafi, kowa ya ƙagu a tashi. Bayan an watse sai a koma fada, a ɗora buta, duwayan ya bi taron daki-daki: me ya sa aka ba wane dama kafin wane, wace kalma ce a cikin sanarwa za ta iya jawo kamu, wace buƙata aka sa don a samu, wace kuma aka sa don a sauka daga kanta a teburin sulhu. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne janye yajin karatu. Kiran yaji ba ya buƙatar gwaninta, amma komawa gaban dubban mutane a ce musu an sami rabi, a koma aji, wannan sai wanda ya ga an yi a gabansa.

Tare da dabara ana miƙa tarihi. Kowane sabon ɗalibi yakan ji labarin ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da ɗalibai suka fito zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy da ke kan kogin Kwara a Yamai, ɗalibai uku suka rasu: Alio Nahantchi da Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Wannan kisa ya girgiza gwamnatin Ali Saibou, ya kuma gaggauta tafiyar da ta kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991, inda USN ta zauna a matsayin ɗaya daga cikin manyan ɓangarori. Kowace shekara ana tunawa da ranar, kuma a wajen shirya ta ne ƙanana da yawa ke fara hawa mumbari. Shi kansa mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992, Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin hasken rana haifaffen Tasawa, ya taso ne a cikin ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke Faransa, FEANF, a shekarun 1950. Tsarin rainon ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin samariyar gari, da sarkin samarinta da muƙarrabansa, haka take horar da mai shirya gayya tun kafin zuwan boko.

Ba USN kaɗai ke raino ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN da ƙungiyoyin al'adu da na tsangayoyi duk suna da nasu matakan. Ƙungiyoyin ƴan gari kuwa suna da wani aiki da ke mayar da amfanin gida. A babban hutu, wanda ya dace da damina, ɗalibai kan koma garuruwansu su shirya darussan hutu ga ƴan sakandare, musamman masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji da ta bak. Wanda ya shirya irin wannan sau ɗaya ya koyi neman izinin shugaban makaranta, da gaida hakimi da magajin gari, da lallashin uban da ke son ɗansa a gona lokacin noma. A nan ne kuma yarinyar ƙauye kan fara ganin ƴar garinsu tsaye a gaban allo tana koyar da lissafi.

Sai dai hanyar da ke ɗauko gwaninta ita ce ke ɗauko aibu. Biyayya ga duwayan takan zarce ta zama rufe ido, har ƙaramin da ya ga kuskure ya kasa buɗe baki. Kwamitin tsaro da walwala na ɗaliban Yamai, CASO, wanda ke tsara layin motoci da na abinci, ya sha suka kan amfani da ƙarfi, kuma a farkon 2018 wata hatsaniya tsakanin ƴaƴansa da wani malami ta jawo yajin aikin malamai da korar wasu daga cikin shugabannin ɗalibai. Tun bayan buɗe fagen jam'iyyu a farkon shekarun 1990, ɗalibai da kansu sukan zargi wasu jagorori da karɓar umarni daga ƴan siyasa, wanda aka raina a hannun irin wannan kuwa da wuya ya ɗauki abin a matsayin laifi. Mata ma suna cutuwa ba tare da an hana su komai a rubuce ba: yawancin koyon ana yin sa ne da dare a fadar maza, inda ɗaliba ba ta zama, saboda haka sai a wayi gari kujerar da ta rage mata ita ce ta harkokin mata.

Yanayin kuma yana sauyawa. A 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Doso da Agadas da Difa da Tilaberi, don haka ɗan Matankari ba lallai ne ya ƙetara gadar Kennedy ba. A sababbin jami'o'in babu tsofaffin hannu masu yawa, shi ya sa shugabanninsu kan nemi shawara ta waya da zaurukan WhatsApp daga na Yamai ko daga waɗanda suka gama. Tsarin LMD, mai ba da digirin farko a shekara uku, ya rage lokacin raino: shekarar farko ta sanin wuri ce, ta uku ta shirin fita, ta tsakiya ce kaɗai ta koyon aiki. Ƙungiyoyin da suka gane haka sukan naɗa wa kowane muƙami mataimaki daga ajin baya, su kuma rubuta abin da aka yanke a kowane taro, don kwamitin da zai gaje su ya tarar da littafi da lissafin kuɗi a ranar miƙa mulki.