Zinariya: Budurwa da Matan da Suka Riga Ta Gani

Duk wanda ya zauna a Nima, Mamobi ko Kanda ya san yadda 'yarmu ta Zango take tashi: Turanci a makaranta, Tuwi a kasuwa, Hausa a tsakar gida. Idan ta fara zama budurwa, zuciyarta ta cika da tambayoyi, wa za ta tunkara? Wannan tambaya ce ta sa muka waiwayi wani fim na ƙasar Nijar mai suna Zin'naariyâ, wato zinariya, wanda Rahmatou Keïta ta shirya, aka nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a 2016. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar ta Amurka, a 2018.

Labarin na Tiyaa ne, 'yar gidan sarauta a Damagaram, wadda 'yar mai shirya fim ɗin, Magaajyia Silberfeld, ta fito a matsayinta. Tiyaa ta dawo hutu daga karatun jami'a a Faransa, amma hankalinta na can wurin saurayin da ta haɗu da shi, tana jiran ya aiko neman aurenta bisa al'ada. Kunya ta hana ta faɗi, damuwa kuwa ta bayyana a fuskarta. Aka kai maganar wurin wani boka, ya ce a nemo zoben zinariya a jira tsayuwar wata.

Mu dai mun san matsayin zuwa wurin boka a addini, ba ma kuma yaba shi. Sai dai mai kallo da natsuwa zai lura cewa abin da ya sauya Tiyaa shi ne kwanakin jiran. A cikinsu ta zauna da mata manya da ƙanana, ta ga mai zaman aure, ta ga wadda aurenta ya mutu, ta ga wadda miji ya yi nisa ya bar ta da jira. Daga rayuwarsu ta fahimci nauyin abin da take ɗoki.

A nan darasin yake ga gidajenmu. A da, goggo, inna da kaka su ne makarantar budurwa. Yau a ɗakunan hayar Akkara, uwa ta fita kasuwa tun asuba, kaka tana can arewa, yarinya kuwa ta rage daga ita sai wayarta. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma hangen bai da amfani idan babban bai buɗe baki ba.

Saboda haka, iyaye mata, idan kun samu fim ɗin ku kalle shi tare da 'ya'yanku. In ya ƙare, kada a yi saurin tashi. Ku tambaye su wace mace ce a ciki ta fi taɓa musu zuciya, ku kuma ku ba su naku labarin, da daɗinsa da ɗacinsa. Allah Ya shirya mana zuriya.