Ko Ka Sani? Abin da Ke Sa GPS Ta Ɓatar da Masunci a Kan Ruwa

Ko ka san cewa dam ɗin Bakolori da GPS sa'annin juna ne? A shekarar 1978 aka kammala ginin madatsar a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, a watan Fabrairun wannan shekarar ne kuma sojojin Amurka suka harba tauraron ɗan Adam na farko na wannan tsari. Don jiragen yaƙi da makamai aka ƙera shi, ga shi yau ya wayi gari a aljihun yaron da ke tuƙa wa babansa kwale-kwale.

Manyan jiragen kamun kifi na teku suna da akwati na musamman mai allo, wanda ke nuna taswirar ruwa da ɗigon jirgi yana tafiya a kanta. Masunci a Ruwan Gizo ko Bakura ko Maradun ba sai ya sayi wannan akwati mai tsada ba, domin kusan kowace babbar waya tana ɗauke da irin abin da ke cikinsa. Ciwon da ke damun akwatin kuwa shi ne ke damun wayar. Mutum ya dasa kalli da yamma, ya danna ya ajiye wurin, da asuba ya bi kibiya har ta ce masa ya iso, ya duba hagu da dama, babu gora babu igiya. Nan take zai ce na'ura maƙaryaciya ce. Galibi ba ita ce mai laifin ba.

Taurarin GPS kimanin talatin ne ke aiki, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana kewaya duniya sau biyu a rana. Ba sa ganinka, ba su ma san kana duniya ba. Aikinsu guda ne: kowane yana ta shelar inda yake da lokacin da agogonsa ya nuna. Wayarka sauraro kawai take yi, shi ya sa GPS ke aiki ko babu sabis, ko babu data, ko ma babu layi a wayar. Abin da ke bukatar data shi ne hoton taswirar, shi kuwa ana iya sauke shi tun daga gida.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbi yana kallon mata suna daka a hayi ya riga ya fahimci sauran. Za ka ga taɓarya ta sauka, sai an ɗan jima ka ji ƙarar, gwargwadon nisa gwargwadon jinkiri. Da irin wannan jinkiri na'ura ke auna nisan kowane tauraro. Sai dai saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da kuskuren mita 300 a kan ruwa. Taurarin suna ɗauke da agogon ƙwayar zarra, na waya kuwa na kasuwa ne. Wannan ne ya sa ake bukatar taurari huɗu aƙalla: uku don gano wuri, na huɗu don saita agogon wayar.

Har zuwa watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, kuskure ya kan kai mita ɗari. Tun da aka janye wannan, waya mai lafiya a fili tana kai mutum tsakanin mita biyar zuwa goma na inda yake nema. Mita goma ba komai ba ce ga direban tirela. Ga mai laluben igiyar mamari cikin duhun asuba kuwa, fili ne babba.

Wuri na farko da za a tuhuma shi ne cikin jirgin kansa. Saƙon da ya taho daga wannan nisa ya kan iso a galabaice, abu kaɗan ke tare shi. Rumfar kwano, jiƙaƙƙen tamfol, jikin mutum, tukunyar ƙarfe da aka ɓoye waya a ciki don gudun ruwa, duk suna rufe wa na'ura wani ɓangare na sama. Idan taurarin da take ji duk sun taru a gefe guda, lissafinta ya kan yi rauni ko da suna da yawa. A sa wayar a leda mai haske a ɗaure ta a kan benci, fuska sama. A kuma kashe tsarin tattalin batir, domin wayoyi da dama suna rage sauraron taurari idan an kunna shi. Wasu fitilun LED da caja masu araha ma suna fitar da hayaniyar lantarki da ke danne saƙon. Idan lambobi suka rikice da zarar an kunna fitila, a matsar da ita nesa. A jirgi mai akwati, kada a yi kwaɗayin kai eriya ƙololuwar turke: jirgi na tangaɗi, tana lilo, ɗigon yana yawo. Abin da take so sarari ne.

Kusa da bangon dam ko babban dutse akwai wata matsalar. Saƙon ya kan bugi siminti ko fuskar ruwa ya dawo, na'ura ta ji shi sau biyu, na biyun ya bi doguwar hanya, sai ta ɗauka ta fi nisa. Da ka fita tsakiyar ruwa abin ya kan lafa.

Sai kuma gaggawa. Na'urar da ta daɗe a kashe tana bukatar wajen rabin minti tana sauraron kowane tauraro kafin ta samu bayanin hanyarsa, cikakken jadawalin taurarin duka kuwa minti goma sha biyu da rabi yake ɗauka. Lambar farko da ta bayyana ita ce mafi muni. A kunna ta tun a bakin ruwa ana kwance igiya. Haka kibiya: GPS ba ta san inda goshin jirgi ya dosa ba, daga motsinka take gane alkibla. Jirgi a tsaye, kibiya ta yi ta juyi. A ja filafili sau da yawa a miƙe, za ta nutsu.

Akwai abin da ba hannun kowa a ciki, kuma ya fi shafar mu fiye da Turawa. Can sama, daga kimanin kilomita sittin har zuwa dubu, akwai wani sashe na sararin samaniya da zafin rana ke cika shi da lantarki, yana jinkirta saƙon taurari. Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin ɗamarar da ke bin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda wannan sashe ya fi rikici. Bayan faɗuwar rana ya kan yi kumfa-kumfa, saƙo ya riƙa ƙyaftawa, wani tauraro ya ɓace ya dawo. Abin ya fi ƙamari daga magariba zuwa tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ta fi tashin hankali a zagayenta na shekara goma sha ɗaya, kamar 2024. Wurin da aka ajiye bayan isha'i ba abin dogaro ba ne kamar wanda aka ajiye da hantsi. Wayoyin da ke kama zango biyu, waɗanda suka fara fitowa a 2018, suna iya cire mafi yawan wannan jinkiri da kansu, kuma duk wadda ke haɗa GPS da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin ta fi jure ɓacewar tauraro ɗaya ko biyu. Hazo da ƙurar hunturu kuwa, da mutane suka fi zargi, ba sa yi mata komai. A ranar da buji ya rufe gaɓa har ba a ganin bishiya, ranar ce ma ta fi amfani.

A akwatunan jirgi akwai maɓallin WAAS ko EGNOS, wanda dillali zai ce yana ƙara daidaito. Gaskiya ne, amma a Amurka da Turai, don tashoshin can ne ke auna gyaran. Na Afirka yana tafe: hukumar ASECNA, wadda Nijar ke cikinta, ta fara gwajin irin wannan saƙo a 2020 ta kan tauraron Nijeriya NigComSat-1R.

A ganina dai babban ramin da ke cinye mutane yana cikin lambobi da taswira. GPS tana lissafi da ma'aunin da ake kira WGS84. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa an zana su ne a kan ma'aunin Minna. Lamba ɗaya a ma'aunai biyu wuri biyu ne, tsakaninsu wajen mita tamanin a wannan yanki, akasari gabas da yamma. Wanda ya kwafi lamba daga tsohuwar takarda ya zuba a waya bai sauya ma'auni ba, zai yi ta kewaya ruwa yana zargin tauraro. Rubutun lambar ma tarko ne. Digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5 a ɗaya salon. Idan aboki ya karanto maka ta waya ka rubuta 12.30, ka kauce da fiye da kilomita ashirin, domin minti guda na arewa da kudu mita 1,852 ne. Masu aika wa juna wuri su fara yarda da salo ɗaya, ko su tura shi kai tsaye ta WhatsApp ba tare da sake rubutawa ba.

Ita taswirar wayar hoton wata rana ce da ta wuce. Tafkin Bakolori, wanda aka gina ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ba ya zama wuri guda: ya cika a ƙarshen damina, ya ja baya da bazara bayan an sha ban ruwa a gonakin shinkafa. Za ka iya ganin ɗigonka yana tafiya a kan tudu alhali kana tsakiyar ruwa, kuma na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ƙarƙashin tafkin akwai gonaki da kufai na dubban iyalan da aka tasa, waɗanda rikicin diyyarsu ya kai ga zubar da jini a watan Afrilu na 1980. Kututture ko tudun da jirgi ke wucewa a kansa lafiya a Oktoba shi ne zai yaga koma ko ya fasa katako a Afrilu. GPS ba ta ganin ƙarƙashin ruwa ko kamu ɗaya. Shi ya sa idan za a ajiye wuri, a haɗa sunansa da watan da aka ajiye shi.

Tsofaffin Sarkawa suna da tasu dabarar: a jera kuka da wani tsauni a layi ɗaya, a juya a jera wasu alamu biyu, inda layukan suka haɗu nan ne wurin. Da rana tsaka wannan dabara ta kan doke waya, kuma ba ta cin batir. Mai hankali ya bar na'ura ta kawo shi unguwar, ido ya ƙarasa.

Gwajin da zai raba gardama kuwa ba ya cin ko kwabo. A samu wani abu da ba ya motsi a mashigar ruwa, dutse ko kusurwar siminti, a tsaya a kansa minti biyu da hantsi a ajiye shi. Duk ranar fita a fara tsayawa nan a duba. Idan waya ta ce saura mita huɗu ko shida, lafiyarta ƙalau, kallin ne iska ta ja ko wani ya riga ka. Idan ta ce saura tamanin, kullum kuma a gefe guda, a shiga saiti a duba ma'auni. Idan lambar tana hawa tana sauka ba ta tsaya ba, a duba abin da ya rufe ta, a kashe fitila, a ba ta minti biyar.