Ƙamshin Adaka da Farin Kafur: Wata Magana Daga Jibiya

In aka ambaci Jibiya a shafukan jarida, abin da ke faɗo wa mai karatu a rai bai wuce shingayen kwastan, da buhunan shinkafa, da jarkokin fetur, da ta'asar 'yan bindiga ba. Ni kuwa yau zancen adaka nake tafe da shi, wato akwatin nan da ke ƙarƙashin gado ko bisa sif a ɗakin kowace mace, inda zannuwan gado da rigunan filo da tawul da kayan jarirai suke kwance suna jiran ranarsu. Wani zai ce wannan hirar tsakar gida ce, ba ta kai ta hau shafin ra'ayi ba. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya biyo ni, domin abin da muke jefawa cikin adakar nan don neman ƙamshi yana iya kai jaririn kwana uku gadon asibiti.

Na zaɓi Jibiya ne saboda garin iyaka gari ne na jira. Kaya ba sa wucewa a nan sai sun zauna. Dilolin gwanjo, waɗanda a cikinsu ake tsintar tawul da zanen gado da bargo, sun daɗe suna biyo hanyar Kwatano zuwa Maraɗi, su gangaro ta Ɗan Isa su shigo Magama, duk da cewa tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Kafin dila ta iso hannun mai saye ta kwashe makonni a kan teku, ta ƙara wasu a sito, a matse, babu iska. Sai kuma siyasa ta ƙara mata wa'adi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. Ba a gama murna ba sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, iyakar ta sake rufuwa har zuwa Maris ɗin 2024. Kowace rufewa, kaya ne jibge a shago da sito suna shan damina.

A gidaje ma haka abin yake. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne, har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa, auratayya kuma ba ta taɓa yankewa tsakanin ɓangarorin biyu ba. Uwa takan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun yarinyar tana 'yar firamare: zanen gado ɗaya bana, tawul biyu baɗi, a ninke a danna cikin adaka. Ga kuma iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, waɗanda dukiyarsu ta tufafi ke ɗaure cikin buhu da jakar gana-mas-go a kusurwar ɗakin 'yan uwa. Duk waɗannan mutane tambaya ɗaya ce ke gabansu: yaya za a buɗe akwati bayan wata shida a ji ƙamshi maimakon bashi?

Amsar farko ba ta da alaƙa da turare ko kaɗan. Yadi ba ya wari don kansa. Abin da ke wari shi ne ƙananan halittun da ke rayuwa a cikinsa, su kuwa abu biyu suke buƙata, danshi da abinci. Abincinsu shi ne gumi, da maiƙon jiki, da man shafawa, da ragowar sabulun da ba a ɗauraye ba. Tawul ya fi kowa shiga wannan hali, saboda an saƙa shi ne musamman don ya riƙe ruwa, kuma kullum yana gogar fata. Masu bincike a Japan sun bi diddigin tsamin nan da wanki ke yi in ya bushe a cikin ɗaki, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Morakzela ce kan gaba wajen haifar da shi, kuma tana iya tsira daga wankin ruwan sanyi ta jira danshi na gaba. Shi ya sa za ka ga tawul ya fito daga wanki fes, da zarar ya jiƙe sau ɗaya warin ya dawo.

Danshin kuwa yanayinmu yana yaudararmu a kansa. Mun saba da hunturu da bazara, lokacin da za a shanya zane a kwashe shi ƙayau kafin a gama dafa abincin rana. Sai mu ɗauka ƙasarmu busasshiya ce. Amma daga Yuli zuwa Satumba, musamman a markar Agusta, iska kanta jiƙe take. Fumfuna takan fara samun gindin zama in laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, kuma ɗakin siminti mai rufin kwano da ƙaramar taga yakan wuce haka cikin sauƙi a tsakiyar damina. Mutanen Jibiya ba sa buƙatar a ba su labarin ruwa: ambaliyar watan Yulin 2018 ta ci rayukan mutane sama da 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ko a shekarar da babu ambaliya, daɓe yana tsotso danshi daga ƙasa, akwatin da aka ajiye kai tsaye a kansa kuma yana sha ta ƙasa ba tare da kowa ya gani ba. Leda da jakar roba sun ƙara dagula lamarin. Ana saka kaya a ciki don a kare su daga ƙura, alhali in akwai ɗigon danshi a yadin, an rufe masa hanyar fita ke nan.

Kakanninmu ba su san sunan wata ƙwayar cuta ba, amma tsarinsu ya dace da abin da ilimi ya tabbatar daga baya. Sukan fitar da kayan adaka su baza a rana in damina ta ja baya, su kakkaɓe, su bari zafin ya huce kafin a mayar. Sukan ɗora adaka a kan duwatsu ko itace. Abin da suke sakawa a ciki busasshe ne: saiwar kajiji, da saiwar jema, da kanumfari, a ƙulle cikin tsumma. Don korar ƙwari kuma akwai busasshen ganyen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma dogon yaro. Turaren wuta, wanda matan Barebari da Shuwa da na Cadi suka yi fice a haɗinsa, da sandal da hawi da farce, shi ma yana da hikimar da ta wuce ƙamshi. In aka kifa kabbasa a kan kasko aka lulluɓa zane, ɗumin garwashin yana kore sauran danshin da rana ta bari, sannan hayaƙin ya kama zaren. Ina ganin rabin abin da muke yabawa a turaren wuta, aikin garwashi ne. Turare a kan yadi mai danshi kuwa, ko na nawa ne, bayan mako biyu ƙamshin da bashin za su haɗu su haifi wani wari na uku da ya fi na farko muni.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. A kasuwar Jibiya, kamar sauran kasuwanninmu, a teburin mai koli za ka tarar da wasu fararen ƙwallaye a ƙulle cikin leda, da araha, ana ce musu kafur. Sunan ya taimaka musu ƙwarai, domin kafur abu ne mai daraja a wurin Musulmi, shi ne sunna ta koyar a sa a ruwan ƙarshe na wankan mamaci. Amma wancan kafur na asali daga itace ake samo shi. Yawancin waɗannan ƙwallaye kuwa naftalin ne, sinadarin da ake tacewa daga kwaltar gawayin ƙasa ko ɗanyen mai. Ba narkewa yake yi ba, kai tsaye yake zama tururi, shi ya sa za ka ga ƙwallon yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Bai tafi ko'ina ba. Yana cikin zaren zanen, yana cikin iskar ɗakin. Ƙarfin warinsa ne ya sa muka ɗauke shi alamar tsafta, har wasu na jin in kaya ba su yi warin kafur ba, ba a adana su da kyau ba.

Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam da likitoci ke kira G6PD, aikinsa kare ƙwayar jini daga fashewa in ta haɗu da wasu magunguna ko sinadarai. Mutane da yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ana haifarsu da ƙarancinsa, gado ne, ya fi bayyana ga maza, kuma a wasu binciken da aka yi a Najeriya ya kai namiji ɗaya cikin biyar. Mai wannan ƙaranci yana iya rayuwa har tsufa bai sani ba. Amma in jariri ne sabon haihuwa, aka naɗe shi da zanen da ya sha naftalin, ya shaƙa, fatarsa kuma ta tsotsa, jininsa na iya fara fashewa. Naftalin yana narkewa a cikin mai, mu kuwa al'adarmu ce mu mulke jariri da mai bayan wanka, wanda hakan ke ƙara buɗe masa hanya. Sakamakon shi ne shawara mai tsanani: ido da fata su yi rawaya, jaririn ya ƙi kama nono, ya riƙa kuka mai tsini, ya riƙa banƙarewa. In ba a kai shi asibiti da wuri aka sa shi ƙarƙashin shuɗin haske ko aka sauya masa jini ba, abin yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, ko ya tafi da rai. Tun a shekarun 1980 likitocin yara a Ibadan suka rubuta game da alaƙar naftalin na cikin gida da shawarar jarirai. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin ƙwarin tufafi tun 2008. Mu a nan yana kan tebur kusa da alawar yara, kuma kama yake da ita.

Mai karatu ya duba yadda al'adarmu take tafiya, zai ga inda tarkon yake. Kayan jariri ba a cika saye sabbi duka ba. Na yayansa ne aka wanke aka adana shekara biyu ko uku, da zannuwan goyo, da tawul ɗin barka da aka samu a sunan baya. Mai ciki ta je goyon ciki gidan iyayenta, kaka ta buɗe adakarta ta fito da abin da ta fi ji da shi. Don ƙauna aka zuba kafur ɗin, don kada asu ya ci kayan jika. Abin takaicin shi ne asu ba auduga ya fi nema ba. Tsutsarsa ulu da gashi da fata take ci, in ta taɓa auduga to akwai gumi ko maiƙon abinci a jiki. Zanen gadon auduga da tawul da aka wanke tas aka busar ba su da abin da za su ba asu. Wato muna ɗaukar haɗari babba don maganin ɓarnar da wanki mai kyau ya riga ya kawar. Abin da ke jawo kyankyaso da sauran ƙwari shi ne sitaci, don haka kayan da za a daɗe ba a taɓa ba, kada a sa musu shi sai ranar da za a fito da su.

Abin yi ba shi da tsada. A rage sabulu a ƙara ɗauraya, domin yawan kumfa ba shi ne tsafta ba. Tawul ɗin da ya riga ya kama tsami a jiƙa shi cikin ruwan zafi sosai kafin a wanke, a shanya shi a buɗe cikin rana, ba a ninke a kan ƙofa ba. A kwashe shanya kafin raɓar yamma, in ana shakkar bushewarsa a bi shi da dutsen guga, a bari ya huce sarai kafin a ninke, saboda yadi mai zafi in aka rufe shi gumi yake yi. Maimakon leda a naɗe kaya cikin tsohon zanen auduga. 'Yan dunƙulen gawayi a cikin tsumma suna shan wari, a riƙa sauya su. Kajiji ko kanumfari ko yankin sandal su zauna cikin ƙullinsu, kada turaren mai ya taɓa farin yadi don yana barin tabo. Kayan gwanjo kuwa, ko sun yi kyau a ido, kada su shiga adaka ɗaya da sauran kaya sai an wanke su sun sha rana. Kayan jariri su ne ba a yi musu komai ba face wanki da rana, har hayaƙin turaren wutar ma a yi shi nesa da mai jego da jinjirinta. Waɗanda suka riga suka kwana da naftalin, wanki ɗaya bai isa ba tunda ruwa kaɗai ba ya narkar da shi. A wanke da sabulu fiye da sau ɗaya, a bar su kwanaki a iska har hanci ya daina jin komai, in an sami hali kuma a canza su gaba ɗaya.

Sauran aikin na hukuma ne da ma'aikatan lafiya. Ledar da ake ƙulla ƙwallayen nan ba ta ɗauke da suna ko gargaɗi, mai sayarwar kansa bai san abin da ke ciki ba, kuma ba laifinsa ba ne. NAFDAC na da ikon tilasta a rubuta sunan sinadarin da gargaɗinsa, ya kamata kuma a rubuta da Hausa, har da ajami, tunda masu saye daga ɓangarorin iyakar biyu Hausa suke ji, ba Turanci ko Faransanci ba. Ranar awon ciki a Babban Asibitin Jibiya da ƙananan asibitocin da ke kewaye, ana koya wa mata zancen gidan sauro da allurar rigakafi da shayarwa. A ƙara musu tambaya ɗaya tun cikin yana wata bakwai, a kuma koya wa ungozomomin gargajiya su yi ta ga kakar da za ta karɓi haihuwar: kayan da za a naɗe jaririn, a ina suke ajiye yanzu, kuma me aka zuba a cikin akwatin?