Ɗalibai Da Naman Shanu: Shin Farashi Zai Faɗi?

Magana ta yaɗu daga Kutemeshi har karar Birnin Gwari, wai 'yan boko sun daina cin naman shanu, don haka mai dabba ya sallama tun kafin ta yi kwantai. To, ga yadda abin yake.

A jami'o'in Turawa ana koyar da darasin muhalli. Ana gaya wa ɗalibai cewa saniya in tana tuƙa takan yi gyatsar wata iska mai ƙara ɗumamar duniya, kuma a ƙasar Barazil ana sare daji don a yi makiyaya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2013 kashi 14.5 cikin ɗari na irin wannan iska daga kiwo yake. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an duba ɗaliban jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas waɗanda suka yi darasin, aka ga sun rage naman shanu daga ci uku da rabi a mako zuwa biyu da rabi. Ragewa suka yi, ba dainawa ba. A shekarar kuma wata jami'a a Landan ta hana sayar da shi a kantunanta.

Amma can daban, nan daban. Ɗalibin Zariya ko Kaduna aljihu ke yanka masa nama, ba darasi ba. Da wake da awara yake kwana. Ran da kuɗi suka shigo sai wurin mai tsire. Shanunmu kuwa Legas da Ibadan ake lodinsu, ba Landan ba.

Darasin da ya shafe mu yana nan dajin Kamuku. In aka sare itace don gawayi, aka cinna wa ciyawa wuta da rani, rafi zai ƙafe, sa ya rame, mahauci ya yi tayin banza. Sai kuma zaman lafiya: karar Birnin Gwari ta yi shekaru a rufe kafin a buɗe ta a Nuwamba 2024, kowa ya ji a jikinsa.

Saboda haka, kada wani ya karya muku farashi da labarin Turai. Ku taɓa ƙirjin sa da gindin wutsiya, ku tambayi kuɗin mota, kana ku yi ciniki. Karsana da saniya mai ciki kuwa, in ba dole ba, a ce albarka.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.