Harshen Klingon: Yadda Aka Zauna Aka Tsara Sautukan Baƙin Halittu

Gwada faɗin "ta" sannan ka ce "da", kana lura da inda tsinin harshenka yake taɓawa. Wuri ɗaya ne, wato hanƙa, bayan haƙoran sama. Haka abin yake a yawancin harsunan duniya: sautuka sukan zo bibbiyu daga mafurta ɗaya. To, wannan tsarin ne wani masanin kimiyyar harshe ɗan Amurka, Marc Okrand, ya karya da gangan.

Masu shirya finafinan Star Trek ne suka ɗauke shi aiki, don ya ƙirƙiro wa wasu mayaƙan wata duniya da ake kira Klingon harshe, a fim na uku da ya fito a 1984. A 1985 ya wallafa ƙamusun harshen. Matsalarsa ita ce: dole harshen ya zama baƙo a kunne, amma kuma 'yan wasan da za su furta shi mutane ne masu baki irin namu.

Dabararsa mai sauƙi ce. Bai ƙago sabon sauti ko ɗaya ba. Kowane sautin Klingon akwai shi a wani harshe na duniya. Haɗin ne kawai ba a saba gani ba. Ya bar t a hanƙa, amma ya tura abokinsa D can baya, inda sai ka naɗe harshe sama kafin ka furta shi. Akwai baƙaƙe 21 da wasula 5, amma babu k, babu g, babu f, babu z.

Idan ka yi makarantar allo, wasu sautukan ba za su ba ka wuya ba. H ɗinsu kamar "kha" ne na Larabci, gh kuwa kamar "gaini", q kuma ya yi kusa da "ƙaf", can wajen beli. Alamar ' hamza ce, irin wadda kake furtawa a "sa'a" da "jama'a". Mai wuyar shi ne tlh: ka ɗora harshe kamar za ka ce t, sai ka saki iska da ƙarfi ta gefen harshe. Akwai irinsa a Nahuwatil, harshen Aztek na Meziko. Tunda babu k, masu harshen ba za su iya kiran kansu "Klingon" ba ma. A bakinsu sunan tlhIngan ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: rubutu. Ka lura da manyan haruffa a tsakiyar kalma? Ba kuskure ba ne. Okrand ya yi amfani da D, H, I, Q da S don su tunatar da ɗan wasa cewa kada ya furta su kamar na Turanci. Saboda haka a Klingon babban baƙi ba alamar farkon jimla ba ce, wani ɓangare ne na harafin kansa.

Wannan ya yi wa 'yan wasa amfani, amma ya haifar da matsala daga baya. Na farko, q da Q sautuka ne daban. Kalmar qagh sunan wani abincinsu ne na tsutsotsi, Qagh kuwa tana nufin kuskure. Duk manhajar da ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, ko wayar da ke gyara maka farkon jimla da kanta, za ta mai da abinci ya koma kuskure. Na biyu, a salon rubutun kwamfuta da yawa, babban I da ƙaramin l kamanninsu ɗaya. Sake duba tlhIngan ka gani. Harshen yana da nasa haruffan da ake kira pIqaD, sai dai yawancin masu amfani da shi da boko suke rubutawa.

Ka ga wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Bokon Turawa ba shi da haruffan da za su ɗauki duk sautukan Hausa, shi ya sa aka sa wa b, d da k ƙugiya. Da zarar ka yar da ƙugiyar a waya, "ƙafa" ta zama "kafa", "ɗaiɗai" ya zama "daidai". Akwai ma abin da rubutunmu bai nuna shi kwata-kwata: tsawon wasali da karin sauti. Shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da rubutu ɗaya, sai jimla ta raba gardama.

Abin da Klingon ke nuna maka ƙarara shi ne sauti daban, harafi daban. Harafi yarjejeniya ce da wasu mutane suka yanke don biyan buƙatar lokacinsu. Okrand ya tsara nasa ne don wanda ke haddace layi a gaban kyamara, bai yi tunanin mai bincike a intanet ba. Don haka gobe in za ka tura saƙo, daure ka danna harafin nan ka riƙe har ƙugiyar ta fito.