Shirin Musamman: Wasannin Bidiyo da Taƙaddamar Cin Zarafin Addini da Al'umma

 Shirin na yau zai duba taƙaddamar da ke yawan tasowa a kan wasannin bidiyo, wato wasannin da ake bugawa a kwamfuta ko wayar hannu ko na'urori irin su PlayStation da Xbox, idan aka zarge su da ƙunsar abin da ke ɓata wa jama'a rai.

Hukumomi sun fara mayar da hankali sosai ga lamarin ne a shekarar 1993, lokacin da sanatocin Amurka biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka jagoranci zaman jin bahasi a kan zubar da jinin da ake nunawa a wasanni irin su Mortal Kombat, kuma domin gudun kada gwamnati ta ƙaƙaba musu doka, kamfanonin wasannin da kansu suka kafa hukumar ESRB a 1994, wadda ke sanya wa kowane wasa alamar shekarun da ya dace da su. Turai ta kafa nata tsarin mai suna PEGI a 2003. A Amurka dai hannun gwamnati ya ƙara ɗauruwa a 2011, da Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, bisa hujjar cewa wasa ma yana ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki.

Abin lura shi ne ma'aunin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga jini da tsiraici da ashar da caca, kuma hukuncinsu ya dogara ne matuƙa a kan bayanan da kamfanin ya gabatar da kansa. Ko da yake PEGI tana da alamar gargaɗi a kan nuna wariya, irin kurakuran da suka fi sosa ran Musulmi sukan kuɓuce wa tantancewar, ba a gano su sai wasa ya isa hannun jama'a ko yana gab da isa.

A 2008 kamfanin Sony ya janye faya-fayan wasan LittleBigPlanet daga ko'ina a duniya ana saura 'yan kwanaki a fara sayar da shi, saboda wata waƙa da aka sanya a ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Mai waƙar kuwa shi ne marigayi Toumani Diabaté, fitaccen makaɗin kora ɗan ƙasar Mali, wanda shi kansa Musulmi ne, kuma wannan ya nuna cewa ko a tsakanin Musulmi fahimta ta bambanta game da haɗa nassi da kiɗa. A 2012 kamfanin Activision ya cire wani filin fafatawa daga wasan Call of Duty: Modern Warfare 2, bayan an ga rubutun hadisi a jikin firam ɗin hoto da aka rataye a cikin banɗaki. Shekaru tara bayan haka, a watan Nuwamban 2021, kamfanin ya sake neman afuwa saboda shafukan Alƙur'ani da aka gani warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard. Mafi kusa ga hankali shi ne masu zanen sun ɗauki rubutun Larabci a matsayin ado kawai ba tare da sun san abin da yake faɗa ba, amma kamfanin da ya maimaita kuskure iri ɗaya yana da wuya ya fake da rashin sani, domin ɗaukar mai duba irin wannan rubutu ba zai ci masa komai ba idan aka kwatanta da kuɗin da yake kashewa a kan wasa guda.

Afirka ma ta sami nata kason, domin wasan Resident Evil 5 na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 2009, ya sha suka a kan yadda ya nuna farar fata yana harbin baƙaƙen mutane da cuta ta haukata a wani ƙagaggen gari na nahiyar.

Sai dai muhawarar da ke biyo baya a kafafen sada zumunta ba kullum take tafiya da gaskiya ba. A 2021 labari ya bazu cewa wasan Fortnite yana tilasta wa 'yan wasa rushe Ka'aba kafin su wuce mataki na gaba, har cibiyar fatawa ta Azhar a Masar ta yi gargaɗi a kansa, amma kamfanin da ya mallaki wasan ya bayyana cewa wani ɗan wasa ne ya zana ginin a sashen da ake barin kowa ya ƙirƙiri nasa filin, kuma ba a iya rushe shi. Wannan sashe na abin da 'yan wasa ke ƙirƙira, tare da zagi da kalaman ƙiyayya da suke jifan juna da su ta murya ko a rubuce yayin wasa ta intanet, alamar shekarun da ke jikin wasa ba ta auna shi, sai dai a 2023 Activision ya fara amfani da wata manhaja mai sauraron hirar 'yan wasa domin gano masu cin mutunci.

Don haka ana kira ga iyaye da su duba alamar shekaru kafin saya wa yara wasa, su kuma riƙa sanin da wa yaran ke hira a cikinsa, sannan duk wanda ya ci karo da zargi a kan wani wasa ya tabbatar da ingancinsa kafin ya tura wa wasu.