Wayar gyaran haƙori da haƙorin dashe: Aikin da ke jiran majinyaci bayan ya baro asibiti

A shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta mayar da babban asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, lamarin da ya ƙara wa al'ummar kudancin Kaduna fatan samun ƙwararru a kusa da gida. Sai dai a fannin haƙori, likitocin da suka ƙware wajen ɗaura wayar daidaita haƙora ko yin dashe sun fi yawa a manyan birane irin su Jos da Abuja da Kaduna. Mutumin Kagoro ko Kwoi ko Zonkwa da aka ɗaura wa waya yakan ga likitansa ne sau ɗaya a wata guda ko biyu. A sauran kwanakin, lafiyar bakinsa tana hannunsa.

Abin da yake fama da shi a kullum shi ne dauɗar haƙori, wato farin abu mai yauƙi da ke manne wa haƙori, musamman a bakin dasashi. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ragowar abinci ce, alhali kuwa tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai, waɗanda ke fara taruwa sa'o'i kaɗan bayan an goge baki. Kurkurar ruwa ba ta cire ta, sai an goge. Idan aka bar ta kwanaki, sai ta ƙanƙare ta zama kamar tsakuwa, wadda buroshi ba ya iya ɓamɓarewa sai an je wankin haƙori a asibiti.

Wani gwaji da Farfesa Harald Löe da abokan aikinsa suka gudanar a ƙasar Denmak, suka kuma wallafa a 1965, ya nuna saurin ɓarnarta. Sun sa masu lafiyayyen dasashi sun daina goge baki gaba ɗaya, kuma cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, kumburin ya saɓe cikin kimanin mako guda.

Ga mai waya, matsalar ninki ce. Kowane ɗan ƙarfe da aka manna wa haƙori ya zama maɓoyar dauɗa, ita kuma tana mayar da sukari sinadari mai tsami da ke zaizaye bayan haƙori. Alamar farko ita ce farin tabo kamar alli a kewayen ƙarfen, kuma yana iya bayyana cikin wata guda. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a lura da shi sai ranar da aka cire wayar: haƙora sun jeru ras, amma kowanne da tabonsa, bayan iyaye sun kashe kuɗi mai yawa da zirga-zirgar shekara biyu a kan hanya.

Maganin ba mai tsada ba ne, sai dai yana buƙatar haƙuri. A goge baki aƙalla sau biyu a rana, na tsawon minti biyu ko fiye, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. A karkata buroshin ya share saman ƙarfen da ƙasansa da kuma bakin dasashi. Ƙarƙashin wayar kuwa sai ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora, wanda ya kamata majinyaci ya sayo da yawa tun a birnin da yake ganin likita, domin ba kowane shagon magani ke ajiye shi ba. Bayan gogewa a tofar da kumfar, kada a kurkure da ruwa, don sinadarin ya zauna a haƙori. Asuwaki yana da amfani ga haƙorin da ba a ɗaura wa komai ba, amma ba ya shiga lungunan waya, kuma tauna shi na iya ɓalle ƙarfen. Haka rake da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara da goro. Zoɓo mai sukari da lemon kwalba, idan ana kurɓarsu ɗan lokaci kaɗan duk yini, sun fi cutarwa fiye da a sha su tare da abinci a gama.

Batun dashe ya fi wannan haɗari. Tun 1965 da likita Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya dasa wa majinyacinsa na farko ƙusar taitaniyom a muƙamuƙi, an san cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe da kyau. Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, kuma wannan ne ke yaudarar masu shi. Dauɗa tana taruwa a wuyansa kamar kowane haƙori, ta kumbura naman da ke kewaye. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Idan cutar ta gangara ta fara cin ƙashin da ke riƙe da ƙusar, ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Sau da yawa kuma babu ciwo, don haka jini a buroshi ko warin baki ko mugunya su ne gargaɗin da ake samu. Masu shan taba, da masu ciwon sukari da ba su daidaita shi ba, da waɗanda ciwon dasashi ne ya zubar musu da haƙoran tun farko, su suka fi fuskantar wannan.

Wasu kan daina goge wurin da ya yi jini saboda tsoro. Wannan kuskure ne, domin dauɗar da aka bari ita ke jawo jinin. A ci gaba da gogewa a hankali, idan mako biyu ya wuce bai tsaya ba, a garzaya asibiti ba tare da jiran ranar da aka ɗibar wa mutum ba. Ruwan kurkurar baki mai sinadarin kuloheksidin yana taimakawa na ɗan lokaci bisa umarnin likita, amma daɗewa ana amfani da shi yana rina haƙora.

Game da wayar kwalliya da wasu matasa ke sakawa a wajen waɗanda ba likitoci ba, tana tara dauɗa daidai da ta asibiti, tana kuma iya jan haƙora zuwa inda bai dace ba, babu mai duba su. Duk wanda zai ɗaura waya ko ya yi dashe yana da haƙƙin tambaya ko mai aikin yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya.